Munduwa Mai Tsegumi da Agogon Aro

Shekarar da Fafaroma ya zo Bangui, ya tuɓe takalmansa a ƙofar babban masallacinmu na unguwar Kilomita Biyar ya shiga, ina da shekara uku a garin, kuma shekara biyu ke nan cur ina yi wa mahaifina ƙarya. Ranar mutane sun hau rufin shaguna suna kallo, wasu na hawaye, wasu na cewa yau an buɗe mana hanya. Ni kuwa ina bayan taro ina duban wuyan hannuna na hagu, inda babu komai. Allah ne shaida, abin da ke raina ke nan.

Mahaifina ladan ne a wani ƙaramin masallaci a Damagaram. Yana da agogon hannu na ƙarfe, irin na dā wanda ake wanawa kowace safiya, da shi yake duba lokacin kiran salla tun kafin a haife ni. A cikinsa na fara koyon gyaran agogo, ina buɗewa a ɓoye idan ya shiga wanka. Da zan taho neman sana'a ya kwance shi ya ɗaura mini, ya ce, "Lawali, ba kyauta ba ce. Aro na ba ka. Ka dawo mini da abina da hannunka." Na gane ba agogon kaɗai yake so ya dawo ba.

Zangon da na fara sanin baƙunci shi ne Garwa-Bulai, a bakin iyakar Kamaru. Ina zaune a kan akwatina wani mutum mai farar riga da doguwar tasbaha ya yi mini sallama da Hausa tsantsa. Na ji kamar an ba ni ruwan sanyi. Ya sayo mini shayi, ya zauna ya yi ta tambayata. Daga ina, wurin wa za ni, mece ce sana'ata, me ke cikin akwatin. Na kwashe komai na faɗa masa, har da sabbin batura da gilasan agogo da na sayo a Kano. Ya sa mini albarka muka rabu. Ba mu yi nisa da iyaka ba wasu masu shinge suka tsayar da motarmu. Ba su duba kowa ba, suka ce ina mai gyaran agogo. Suka buɗe akwatina, hannunsu ya tafi kai-tsaye ƙarƙashin tufafi inda na ɓoye kayan. Agogon Baba ya tsira ne don na tura shi can sama da gwiwar hannu, rigar ta rufe shi. Tun daga ranar na riƙe abu ɗaya: duk wanda ya tambaye ka abin da kake yi, awonka yake yi.

Bayan garin Buwar hanya ta zama taɓo. Kusa da Yaloke motar ta lalace, muka kwana biyu a bakin daji, guzurina ya ƙare. Wata tsohuwa mai gicciye a wuya ta fito daga wata bukka ta miƙo mini gasasshen rogo da gyaɗa a cikin ganye. Na lalubi aljihu, ta kaɗa kai ta koma. A duk hanyar nan ita kaɗai ce ba ta tambaye ni ko sunana ba, kuma ita kaɗai ce nake sawa a addu'a har yau ban san da wane suna zan kira ta ba.

A Kilomita Biyar na sauka wurin Alhaji Garba, mai sayar da sukari da fulawa a sari. Kakansa Bakano ne, amma shi a Bangui aka haife shi, idan ya yi fushi Sango, yaren garin, ke fara fitowa daga bakinsa kafin Hausa. Ya ba ni gefen barandar shagonsa a Titin Koudoukou, na kafa tebur. Duk agogon da aka kawo sai in ɗaura masa 'yar takarda in rubuta sunan mai shi da ajami, don kada wani ya leƙa ya karanta ya zo ya ce nasa ne. Ruwan sama ba ya ɗaukewa, tuwon rogon nan da suke ce wa gozo ya ƙi zama a cikina, na yi wata uku ina mafarkin furar gero. Duk Juma'a bayan an sauko sai in kira Baba. Bayan gaisuwa tambayarsa ɗaya ce, "Agogona yana tafiya?" Sai in kara shi a bakin wayar ya ji bugunsa, ya ce madalla.

Akwai wani ɗan kabu-kabu da ke ajiye babur ɗinsa gaban teburina, sunansa Firmin, Kirista ne daga hayin gadar Yakité. Mutum ne mai surutu da dariya. Shi ya koya mini Sangon kasuwa, yana yi mini dariya idan na karkace. Kullum sai ya kama hannuna ya juya, ya ce, "Malum, sayar mini da wannan. Na roba nake ɗaurawa kamar ɗan makaranta." In ce ba nawa ba ne. Ya ce, "To ara mini, tunda kai ma aro ka yi."

Sai 'yan tawaye suka gangaro daga arewa suka shiga birni. Abin da suka aikata a unguwannin Kirista mun ji, wasu mun gani, kuma da yake sunayensu irin namu ne, aka rubuta laifin a kanmu duka. Kafin shekarar ta ƙare masu adduna da layu suka fito ramuwa. A watan ne aka daina tambayar mutum wane ne shi. Hularsa ake dubawa, da gemunsa, da tabon salla a goshinsa.

Wata safiya da aka ɗan sami lafawa na ɗauki agogon bango na wani tsohon malamin makaranta na kai masa hayin gada, don na yi masa alkawari. Alhaji ya hana ni, ban ji ba. A hanyar dawowa na hango shinge, samari sun fi goma, an riga an zaunar da mutum biyu a ƙasa. Kafin in juya sai na ji an kaɗe hulata daga baya ta faɗa kwata. Aka kwashe ni da mari, aka danna fuskata cikin taɓo. Na ɗago na ga Firmin ne. Yana ta zagina da Sango, yana gaya wa samarin cewa ni bebe ne, ɗan'uwan matarsa, mashayi, kullum sai an fita nemana. Suka yi dariya. Ya jefa ni bayan babur ya ja. Da muka kusa gada ya tsaya, ya kama hannuna na hagu, ya kwance agogon kamar mai cire nasa, ya sa a aljihu. Ya ce, "Ruga." Na ruga.

Ban kasa gane cewa ta hannunsa Allah Ya fitar da ni ba. Amma da na zauna na auna, sai zuciyata ta ce mini ya raba ni da samarin ne don kada agogon ya kuɓuce masa. Daren farko na ce Allah ya isa, kuma na ci gaba da faɗa bayan kowace salla.

Daga nan Kilomita Biyar ta zama kurkuku mai kasuwa a ciki. Manyan motoci suka kwashe mutane zuwa Chadi da Kamaru, an yi mini wuri har sau biyu, na ce ba ni zuwa. Da wane ido zan dubi tsohon? Juma'ar farko da ya tambaya na ce, "Yana tafiya, Baba, amma layin ba kyau, ba za ka ji ba." Ya ce to. Haka muka yi ta yi, mako na bin mako. Na nemi irinsa in saya in yaudare shi, na tuna akwai tsaguwa a bayan marfin wadda shi ya yi ta da wuƙa, da hannu zai gane.

Shekara ɗaya da 'yan watanni bayan zuwan Fafaroma, gari ya ɗan sarara. Sai Hajiya Zenabu, mai atamfa, wadda ke shugabantar mata 'yan kasuwar layinmu, ta zo shagon Alhaji da takardu. Ta ce wata ƙungiya ta shirya taro a wani otal a bakin kogin Ubangi, don 'yan kasuwar Kilomita Biyar su sake haɗuwa da na sauran unguwanni. Ta ce kowa zai sa alama a takarda kan abin da yake sayarwa ko yake nema. A ƙofa za a ɗaura wa kowa munduwa ta roba mai 'yar fitila, an zuba mata abin da ya rubuta. Idan ka kusanci wanda buƙatarku ta zo ɗaya, sai taka da tasa su yi rawa su kunna kore. Idan kun yarda da juna, ku haɗa su su taɓa, lambar wayar kowa ta shiga wayar ɗan'uwansa.

Can Alhaji ya cire tabarau ya ce, "Wato in rubuta da hannuna cewa ina da sito cike da sukari, in ɗaura a hannu yana walƙiya, in shiga cikin mutanen da suka ƙone mini sito biyu?"

Wani mai kayan gini ya ce, "An ce tana jin magana."

Wani ya ce, "An ce ko an cire ta, tana nuna gidan da mutum yake kwana."

Hajiya ta ce, "Wayar da ke aljihunku fa, ita makauniya ce? Ku dai ku ce tsoro kuke ji, a wuce wurin. Kayanku na ruɓewa a sito, masu saye na can hayi, ku kuna nan kuna sayar wa juna."

Wannan ta yi gaskiya, kowa ya sani. Aka yi ta ja har la'asar, a nan aka raɗa wa munduwar suna Magulmaciya tun ba a gan ta ba. Daga ƙarshe Alhaji ya yanke shawara. Za a je, amma ba hula, ba babbar riga, kowa ya sa shat da wando, a warwatsu cikin mutane a ji abin da ake ƙullawa. Takarda kuma kada wanda ya rubuta sana'arsa ta gaskiya. Aka bi jerin da yatsa ana neman abin da ba ya jawo ɓarawo, aka tsaya a kan kiwon kifi. Mutum goma sha huɗu, duk suka sa alama a kiwon kifi.

Hajiya ta zo teburina da biro, don takardar da Faransanci take. Ta ce, "Malam Lawali, kai ma kifin ne?"

Mutumin Garwa-Bulai ya faɗo mini a rai, ga shi an mai da shi roba za a ɗaura mini a hannu. Amma na ji ƙarya ɗaya ta ishe ni ɗauka. Na ce, "Rubuta gyaran agogo. Abin da za a sace mini an riga an sace."

Ranar taron sojojin ƙasashen waje suka raka motarmu har ƙofar otal. Aka kira sunana, aka ɗaura mini munduwar a hannun hagu, daidai inda agogon Baba yake zama. Ban shiga zauren ba, na nemi banɗaki na kulle ƙofa, na fito da ƙaramin sukundireba da madubin ido ɗaya da nake aiki da su. Na ɓalle bayanta a hankali. Na ga batir mai faɗi irin na agogon roba, da ɗan allo kore, da fitila kamar ƙwayar gero, da wani ɗan inji mai sa ta rawa. Ban ga kunne ba, ban ga ido ba. Amma rashin ganina ba hujja ba ne, don ni agogo na sani. Na mayar na rufe, na yi mata ayatul kursiyyu, na fita.

Na tarar dabarar Alhaji ta fara tsiyaya. Mutanenmu sun warwatsu kamar yadda aka shirya, amma zauren ba shi da girma. Duk sanda biyu suka gifta juna sai kore ya tashi a hannuwansu. Wannan ya kauce hagu ya ci karo da wani, nan ma kore. Alhaji, cikin wata shat da ta matse masa ciki, ya cusa hannu a aljihu, aljihun ya riƙa haske. Kafin a sha shayin safe kowa a zauren ya san su wane ne goma sha huɗun. Na ji wani yana gaya wa abokinsa da Sango, "Ga 'yan Kilomita Biyar can, masu kifi."

Sai ga wata mata ƙaƙƙarfa ta ratso taro fuskarta cike da murna, hannunta na walƙiya. Ita mai kiwon kifi ce ta gaske. Ta kama hannun Alhaji da hannu biyu ta ce ba ta taɓa sanin akwai abokan sana'a haka da yawa ba. Ta ce, "Baba, tafki nawa gare ka?"

Alhaji ya ce, "Da dama."

"Tarwaɗa ko karfasa?"

"Duka."

"Me kake ba su?"

Ya dube ni, ya dubi rufi, ya ce, "Abin da Allah ya hore."

Hajiya Zenabu ta toshe baki da mayafi har tana tari. Ni ban yi dariya sosai ba. Ba wanda ya taɓa kowa, gaskiya ne, har ma daga baya matar nan ta zama mai sayen dusa a wurin Alhaji. Amma na ga abin da ido na. Mun cire hula, mun cire riga, cikin awa ɗaya 'yar roba ta ware mu gefe guda. Da a ce a bakin shinge ne fa?

Tawa kuwa ko motsi. Na gode wa Allah. Na zaga, na ci abin da na yarda da shi, na yi azahar a gefen lambu ina kallon kogi, can hayi ƙasar Kwango ce. Na dawo ina zuba shayi, ina lissafin saura kaɗan a tashi, sai na ji abu yana rawa a hannuna kamar an kama ƙwaro a tafi. Na duba, kore. Na juya.

Firmin ne, ya yi ƙiba, ya fara furfura, yana ɗingisa ƙafar dama. Yana riƙe da faranti, shi ma ya zuba wa hannunsa ido. Da ya ɗago muka haɗa ido, farantin ya karkace, shinkafa ta zube. Abu na farko da na duba shi ne ɗaya hannun nasa. Babu agogo.

Ya ce, "Malum. Kana da rai."

Na ce, "Da ikon Allah. Ina agogona?"

Ya waiga hagu da dama, ya ja ni bayan wani ginshiƙi. Mundayen suna ta rawa, sun ƙi yin shiru. Ya ce yanzu kayan babur yake sayarwa, tun da harsashi ya same shi a ƙafa ya bar kabu-kabu. Na ce ban tambaye shi ba.

Na ce, "Ni ka zo nema da ka rubuta gyaran agogo?"

Ya ce, "A'a. Mai gyara na zo nema. Tun a hanya nake roƙon Allah kada ya zama kai ne." Ya share goshi. "Ya tsaya, Malum. Bai yi shekara a hannuna ba ya tsaya. Masu gyaran kirki duk kuna cikin Kilomita Biyar. Na kai wa wani a babbar kasuwa ya buɗe ya ƙara lalata shi. Matata ta ce ba zai taɓa tafiya ba tunda ba nawa ba ne, ta hana ni ajiye shi a ɗakin kwana."

Na ce, "Gaya mini gaskiya ɗaya. Ran nan, don ni ka yi ko don shi?"

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Hular na cire maka don ka rayu. Agogon kuwa sata na yi. Na ga hannunka a kan cikina a bisa babur, na ce ai na biya kuɗinsa. Duka biyun ni ne, ban san yadda zan raba maka su ba."

Na shirya wa ƙarya amsa tun shekara uku. Wannan ban shirya mata ba.

Ya ce in zo gidansa in karɓa. Na ce ko gawata ba za ta sake haye gadar nan ba, ya kawo mini teburina. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce, "Ni in shiga Kilomita Biyar? Da wannan ƙafar? Ko gudu ba zan iya ba." Muka tsaya kowa na auna ɗan'uwansa. Ina tunanin tarko ne, na kuma ga a idonsa shi ma abin da yake tunani ke nan. Can ya miƙo hannu. Na san idan na taɓa, lambata ta shiga wayar mutumin da na yi shekara uku ina kai ƙararsa wurin Allah. Na yi bisimilla na taɓa. Mundayen suka yi ƙara sau ɗaya suka mutu.

A ƙofa aka karɓe su aka zuba a kwando. Na ce a ba ni takardata, aka ce ta riga ta shiga na'ura. Har yau ban san inda sunana da sana'ata suke kwance ba, kuma ban daina tunanin abin ba.

Kwana tara ba labari. Na ce dama na sani. Ran na goma da hantsi wayata ta yi ƙara, ya ce yana bakin gada, ƙafafunsa sun ƙi gaba. Na je na taho da shi. Alhaji ya gan mu ya kira ni gefe, ya ce, "Lawali, kada ka jawo mini abin da ya fi kifi." Na ce awa ɗaya kawai, ranka ya daɗe.

Firmin ya zauna a bencin da ya saba zama a dā, ya fito da ƙullin hankici. Na juya marfin, ga tsaguwar wuƙar Baba. Na buɗe. Gumi ya shiga ya yi tsatsa, wancan mai gyaran kuma ya lanƙwasa siririn zaren ƙarfen da ke riƙe bugun. Na wanke da fetur, na miƙe zaren da hantsaki ina riƙe numfashi, na ɗiga mai, na wana. Ya yi shiru kamar yana shawara. Sannan ya ɗauka.

Ranar Talata ce, amma ban iya jiran Juma'a ba. Na kira Damagaram. Baba ya ce lafiya? Sai kawai na kara agogon a bakin wayar. Na daɗe ina riƙe da shi. Da na mayar kunnena sai na ji ya ce, "Na ji shi. Yau layin ya gyaru ke nan." Na fara cewa Baba ka gafarce ni, ya katse ni. "Na sani tun Juma'ar farko. Muryarka nake jira in ji, ba tasa ba. Kawo mini abina kafin azumi."

Firmin ya ce, "Wane ne?"

Na ce, "Mai agogon. Tsoho ne, shi ke kiran salla a unguwarmu."

Ya dafe kai da hannu biyu.

Muna haka sai muka ji harbi biyu daga wajen kasuwa, sai ƙarar ƙofofin ƙarfe ana ja. A Kilomita Biyar ba a tambayar me ya faru, rufewa ake yi tukuna. Wani ya wuce a guje yana cewa an kashe wani direbanmu a hayi, samarin unguwa masu bindiga sun tare hanyar gada. Na dubi Firmin. Kowa a layin ya ga shigowarsa, kuma ko makaho ya san ba namu ba ne.

Na tuɓe rigata ta sama na zura masa. Na cire hulata na kafa masa har gira. Na ce, "Ko an zage ka kada ka buɗe baki." Na kama hannunsa muka bi ta lungu, yana jan ƙafa. Dab da gada samari huɗu suka tare mu, ɗaya na san shi, na taɓa sa masa batir. Ya nuna Firmin da bakin bindiga ya ce, "Malam, wannan fa?"

Na ce, "Bebe ne. Ɗan'uwana ne daga Damagaram, ba ya ji ba ya magana. Asibiti zan kai shi, ka ga ƙafar."

Ya zagaya bayansa ya daka masa tsawa a kunne. Firmin ko ƙiftawa. Saurayin ya ce mu yi sauri. Na yi istigfari a kan ƙaryar nan daga baya, amma ban ji nauyinta kamar waccan ba.

A tsakiyar gada na tsaya, don nan ne iyakata. Ya cire hular ya karkaɗe ta, ya miƙo mini da hannu biyu, ya tuɓe rigar ya ɗora mini a kanta. Ya ce, "Singila, Malum," wato na gode. Ya juya zai tafi na riƙe shi.

Na ce, "Akwai sauran abu. Shekara uku, sau biyar kowace rana, ina ce maka Allah ya isa."

Ya ce, "Me ke nan?"

Na ce, "Ƙara ce. Na kai ka wurin Alƙalin da ba a ba shi cin hanci."

Ya dubi ƙafarsa, ya dube ni. Ya ce, "To yanzu fa?"

Na ɗaga hannu a nan bisa gadar, agogon Baba na bugawa a wuyan hannuna, na ce ya Allah na janye, na yafe masa duniya da lahira, Kai ma Ka yafe mana. Na shafa. Shi ma ya yi alamarsu ta gicciye a ƙirji.

Ya ce, "Shi ke nan? Ba ka bina komai?"

Na ce, "Ba na binka, ba ka bina."

Ya yi taku uku ya waigo, irin waigowar da yake yi a dā daga kan babur. Ya ce, "Malum, ƙarfe nawa?"

Na duba na ce, "Sha biyu saura minti bakwai. Ruga."